Kayan Koyon Ilimin Sama da Ƙasa: Darasi Ga Malamai, Ɗalibai da Iyaye

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mahaliccin sammai da ƙassai, wanda Ya sanya wa rana da wata ƙa'idar da ba su ƙetarewa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani kuka da muke yawan ji daga bakin malaman makarantu, na boko da na islamiyya. Suna cewa ba su iya koyar da ilimin sama da ƙasa yadda ya kamata, domin babu littattafai isassu, babu taswira, babu na'urar hangen nesa. Kukan gaskiya ne. Sai dai sakamakonsa ya wuce ɗakin karatu, ya iso har cikin masallatanmu da gonakinmu. Yaro yakan haddace da Faransanci cewa ƙasa tana kewaya rana, ya ci jarrabawa, alhali bai san dalilin da ya sa lokacin Azahar yake gusawa ba. Almajiri yakan karanta surorin da aka sa wa sunan wata, da rana, da tauraro, da tsawa, da girgizar ƙasa, amma da za a fitar da shi fili da dare ba zai nuna tauraro uku da sunansu ba. Daga irin wannan giɓi ne ake samun jayayya a kan alƙibla, da shuka a kan ruwan da bai isa ba, da gina gida a kan hanyar ruwa, da shan ruwan rijiyar da ba a auna ba.

Nufinmu shi ne mu nuna cewa mafi yawan kayan koyon wannan ilimi suna nan a hannunmu, ba su bukatar kuɗi, sa'an nan mu ambaci gidaje da cibiyoyin ƙasarmu da malami zai nemi ƙari a cikinsu.

NA FARKO: MATSAYIN WANNAN ILIMI

Wajibi ne mu fara da rarrabe abu biyu da mutane kan cakuɗa. Akwai ilimin falaki, wato sanin tafiyar rana da wata da taurari ta hanyar lura da awo da lissafi. Akwai kuma duba, wato da'awar sanin gaibu da rabon mutum ta hanyar taurari. Na biyun nan malamai sun yi hani da shi. Na farkon kuwa da shi ake sanin lokutan salla da alƙibla da ƙidayar watanni, shi ya sa magabata suka ba shi muhimmanci.

A Bagadaza, cikin ƙarni na 9, Al-Khawarizmi ya tsara jadawalin tafiyar taurari, kuma a zamanin Halifa Ma'amun aka tura masana fili suka auna girman ƙasa. Al-Battani, wanda ya rasu a shekarar 929, ya auna tsawon shekarar rana, bambancin awonsa da na yau bai wuce ƴan mintoci ba. Al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya lissafa girman ƙasa ta hanyar auna tsawon wani dutse da yadda ƙarshen gani yake sunkuyawa daga ƙololuwarsa. Ibn Shaɗir, wanda ya rasu a 1375, aikinsa shi ne tsare lokutan salla a babban masallacin Banu Umayya na Dimashƙa, ya kuma ƙera wa masallacin agogon inuwa. A ƙasar Hausa ma an yi Shaihu Muhammadu Al-Kashinawi, malamin lissafi da falaki, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Dukkansu, banda na ƙarshensu, sun rayu ne kafin a ƙirƙiro na'urar hangen nesa a Turai. Jarinsu shi ne ido, da ma'auni, da alƙalami, da haƙuri.

NA BIYU: SANDA DA INUWARTA

Kayan aiki na farko shi ne sanda miƙaƙƙiya mai tsawon mita ɗaya. A kafa ta tsaye cak a shimfiɗaɗɗen wuri cikin filin makaranta ko harabar masallaci, a tabbatar da tsayuwarta da igiya mai ɗauke da ɗan dutse. Tun da hantsi yara su riƙa aje tsakuwa a bakin inuwar kowane rabin awa. Za su ga inuwar tana raguwa har ta kai iyakar gajartarta, sa'an nan ta fara ƙaruwa ta wajen gabas. Wannan juyawa ita ce zawali, farkon lokacin Azahar. Idan kuma inuwar ta ƙaru da tsawon sandar a kan inuwar da ta rage a lokacin zawali, to La'asar ta shiga, kamar yadda yake a littattafan fiƙihun Malikiyya. Yaron da ya auna wannan da hannunsa ba zai manta da babin lokutan salla ba.

Idan aka ci gaba da awon kowane mako, wani abu zai bayyana. A garuruwan kudancin Nijar, kamar Yamai da Maraɗi da Damagaram, rana takan tsaya daidai bisa kai sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da wajen tsakiyar Agusta, har sandar ta kusa rasa inuwa. Tsakanin waɗannan ranaku biyu inuwar tsakar rana takan faɗi kudu, sauran watannin kuwa arewa take faɗi, ta fi tsawo a ƙarshen Disamba. Dalili shi ne ƙasa a karkace take, da kimanin daraja 23 da rabi, yayin da take kewaya rana. Wannan karkata ita ce tushen sauyawar bazara da damina da kaka da hunturu.

Da wannan sanda ɗin makarantu biyu za su iya maimaita awon magabata. Ɗaya a Maraɗi, ɗaya a Agadas, kowace ta auna kusurwar inuwarta a lokacin zawalinta cikin yini guda. Bambancin zai kai kimanin daraja 3 da rabi. Tazarar garuruwan biyu ta fuskar kudu da arewa kimanin kilomita 385 ce, wato kowace daraja tana daidai da kilomita 110 ko 111. A ninka wannan sau 360, sai a samu wajen kilomita 40,000, shi ne kewayen ƙasa.

Akwai kuma fa'idar da ta shafi masu azumi. Ƙasa tana juyawa daraja 15 a awa guda, wato minti 4 ga kowace daraja, kuma mutanen gabas ne ke riga ganin rana. Saboda haka rana takan faɗi a Damagaram kusan minti 27 kafin ta faɗi a Yamai, a Maraɗi kimanin minti 20, a Diffa fiye da minti 40, ko da yake agogonmu ɗaya ne. Wanda yake Yamai ya sha ruwa don ya ji kiran sallar Damagaram a rediyo, ya sha da sauran rana. Kowane gari da jadawalinsa.

NA UKU: GANO ALƘIBLA

Mun saba cewa gabas muke fuskanta, har kalmar gabas ta zama sunan alƙibla a bakinmu. Amma daga kudancin Nijar Makka ba ta daidai gabas tsantsa. Tana karkata wajen arewa da kimanin daraja 18 zuwa 19. Mafitar rana kuma ba wuri ɗaya take ba: a ƙarshen Yuni rana takan fito kimanin daraja 24 arewa da gabas, a ƙarshen Disamba kuma daraja 24 kudu da ita. Wanda ya ja layin masallaci yana bin mafitar rana a tsakiyar hunturu zai iya kauce wa alƙibla da fiye da daraja 40.

Allah Ya hore mana hanya mai sauƙi ta gyara wannan. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai bisa Ka'aba: ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10 da minti 18 na safe agogon Nijar, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10 da minti 27. A wannan lokaci duk wanda ya juya wajen da rana take ya fuskanci alƙibla. Ba sai an kalli ranar ba: a dubi inuwar sandar nan, a ja layi daga bakin inuwar zuwa gindin sandar, inda layin ya nufa can ne alƙibla. Wannan aiki ne da liman da malamin makaranta da yara za su yi tare cikin minti biyar. Idan an samu ɗan bambanci da ginin da ke akwai, kada a mai da shi abin husuma. A kai wa malamai, domin su ne suka san gwargwadon karkatar da shari'a ta yi rangwame a kanta ga wanda yake nesa da Makka.

NA HUƊU: WATA DA HUSUFI

Wata ba shi da hasken kansa, hasken rana yake mayarwa. Nisansa da mu kimanin kilomita 384,000 ne, ita kuwa rana kimanin kilomita miliyan 150, har haskenta yakan yi fiye da minti 8 kafin ya iso mana. Don nuna wa yara yadda wata yake cika yana raguwa, fitila da lemo ɗaya sun isa. A shiga ɗaki mai duhu, fitilar ta zama rana, lemon ya zama wata, kan yaron ya zama ƙasa. Ya riƙe lemon a gabansa ya riƙa juyawa a hankali. Zai ga jinjirin wata, da rabinsa, da cikarsa, da komawarsa, duk a jikin lemon.

Daga haɗuwar wata da rana zuwa wata haɗuwar kwana 29 ne da awa 12 da minti 44. Shi ya sa watanmu yakan yi 29 ko 30, ba ya yin 28, ba ya yin 31. Wata 12 sun ba da kwana 354 da ɗoriya, ƙasa da shekarar rana da kimanin kwana 11. Wannan ne ya sa azumi yake ja baya kowace shekara, har ya kewaye damina da rani cikin shekara 33. Jinjirin wata ana nemansa ne a yamma bayan faɗuwar rana. Ba ya ganuwa kafin haɗuwar, ba ya ganuwa idan ya riga rana faɗuwa, kuma ido ba ya cika riskarsa sai ya wuce awa 15 da haɗuwar. Hukuncin tsayar da wata na malamai ne da hukumar da aka ɗora wa nauyin. Amfanin wannan sani shi ne mai duba ya san inda zai duba, kuma ya bambance wata da tauraro ko ɓallin gajimare. Malami ya sa yara su zana surar wata kowane dare har wata guda, su rubuta lokacin, za su gano da kansu cewa fitowarsa tana jinkiri da kimanin minti 50 kowace rana.

Husufin wata yana faruwa ne idan ƙasa ta shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ta rufe shi, don haka ba ya aukuwa sai a daren cikarsa. Husufin rana kuwa wata ne ke gittawa tsakaninmu da ita, don haka sai a ƙarshen wata. Ya tabbata cewa an yi husufin rana ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, mutane suka danganta abin da rasuwar, sai ya kore wannan zato, ya umarce su da salla da addu'a. Manyanmu suna tune da safiyar Laraba 29 ga Maris 2006, lokacin da cikakken husufi ya ratsa jahohin Maraɗi da Damagaram ya nufi hamada, gari ya yi duhu da hantsi. Lissafi ya nuna kuma ranar 2 ga Agusta 2027 cikakken husufi zai bi ta arewacin Afirka har ya ratsa Makka, mu a nan mu ga wani sashe nasa.

A nan akwai gargaɗi mai nauyi. Kallon rana kai tsaye, ko da husufi ya rufe mafi yawanta, yana ƙona cikin ido ba tare da jin zafi ba, kuma illar tana iya zama ta har abada. Baƙin tabarau da gilashin da aka turara da hayaƙi ba su karewa. A huda takarda da allura, a juya wa rana baya, a bar hasken ya bi ta hudar ya sauka a kan wata takardar. Ko rariyar ɗakin girki tana yin wannan aiki.

NA BIYAR: TAURARI DA SUNAYENSU

Duhun ƙauyukanmu ni'ima ce da mutanen manyan birane suka rasa. Kayan koyon taurari shi ne daren da babu farin wata, da dattijon da ya san su. Kakanninmu sun san Kaza da Ƴaƴanta, wadda Larabawa ke kira Surayya. Sun san Zara da ke haskawa da yamma, da Gamzaki na asuba. Binciken masana ya nuna su biyun nan abu ɗaya ne, wato Zuhura, wadda duniya ce irin tamu mai kewaya rana, takan yi watanni tana bayyana da yamma, sa'an nan ta koma asuba. A arewa kuma akwai tauraron da ba ya gusawa, yana ƙasa-ƙasa, kimanin daraja 13 zuwa 14 daga doron ƙasa idan mutum yana Maraɗi ko Damagaram. Yadda mutum ya yi arewa haka tauraron yake ƙara ɗagawa, wannan ma hujja ce ta cewa ƙasa a dunƙule take.

Malamanmu na zaure suna riƙe da lissafin masaukan wata 28, irin su Surayya da Dabaran da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha. Kowane yana ɗaukar kwana 13, ɗaya yana ɗaukar 14, jimla 365. Wannan kalanda ce ta shekarar rana wadda manoma suka daɗe suna auna damina da ita. Ya kamata malamin boko ya gayyaci mai wannan sani ya zo aji, yara su rubuta abin da ya faɗa, su gwada shi da kalandar bango. Dattijon da ya tafi da irin wannan a ƙirjinsa, ba mai dawo mana da shi.

NA SHIDA: GWANGWANI DA RUWAN SAMA

Daminarmu tana zuwa ne idan iska mai laima daga teku, ta kudu maso yamma, ta turo busasshiyar iskar hamada ta mayar da ita arewa. Inda suka yi karo nan hadari yake haɗuwa, kuma yawancin manyan hadura daga gabas suke tasowa su nufi yamma, kamar yadda kowane manomi ya sani. Da yake iskar tekun tana raunana yadda ta yi arewa, Gaya takan samu wajen milimita 800 a shekara, Agadas ba ta kai 200 ba, Bilma kuwa sai ɗan yayyafi.

Ma'aunin ruwa ba ya wuce gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne. A ɗora shi bisa turke nesa da bango da itace, a auna zurfin ruwan kowace safiya a lokaci ɗaya, a rubuta, a zubar. Milimita ɗaya tana nufin lita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Saboda haka ruwan milimita 20 a kan rufin kwano mai murabba'in mita 50 lita 1,000 ne, a gona mai hekta ɗaya kuwa lita 200,000. Masu binciken noma a Sahel suna ɗaukar damina ta kankama idan an samu aƙalla milimita 20 cikin kwana 3, kuma ba a yi fiye da mako guda babu ruwa ba a cikin watan da ya biyo baya. Gidan da yake da yaro mai riƙe da wannan littafi ya rage hasarar iri.

Ƙasar da ta sha farin 1973 da na 1984 ba ta bukatar a gaya mata darajar wannan awo. Yanzu kuma ambaliya ta ƙaru a kan fari. A 2020 kogin Isa ya cika ya shiga unguwannin Yamai, a Satumbar 2024 kuma tsohon masallacin Birnin Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya rushe saboda yawan ruwa. Malami ya fita da yara bayan an ɗauke ruwa, su bi inda ya bi, su zana taswirar unguwa da kwazazzabanta. Ruwa ba ya manta hanyarsa, ko da an shekara 20 bai bi ta ba.

NA BAKWAI: ƘASA DA DUWATSU

A ɗebi ƙasar jigawa da ta fadama, a zuba kowace cikin kwalba da ruwa, a girgiza, a aje. Rairayi zai fara kwantawa, sai mai laushi, laka ce ta ƙarshe. Nan yaro zai fahimci abin da ya sa gero yake son jigawa, fadama kuma take riƙe ruwa. A cika faranti biyu da ƙasa, a rufe ɗaya da kara, a karkata su, a zuba musu ruwa da buta. Wanda ba a rufe ba zai zube da ƙasarsa. Wannan shi ne dalilin tassa da rabin wata da manoman jahar Tawa suke haƙawa, da sassaben zamani da ya yaɗu daga jahar Maraɗi tun shekarun 1980, inda ake barin tohon itace, musamman gawo, ya girma cikin gona.

Kowace makaranta ta tanadi akwatin duwatsu, kowane dutse da takardar inda aka tsince shi. A ƙasar Adar, wajen Malbaza inda ake yin siminti, akwai farin dutse mai ɗauke da ɓawon halittun teku. Idan aka kankare shi aka ɗiga masa ruwan tsami yakan yi kumfa. Masana sun ƙiyasta cewa teku ya taɓa kwantawa a wurin fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce. Damagaram kuwa tana zaune a kan dutse mai tauri da ake kira garanit, wanda ba ya riƙe ruwa sai a tsagoginsa, shi ya sa ake janyo wa birnin ruwa daga wurare irin su Gogo da Arunguza. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa kuma yana shiga cikin ruwan sha. A Tibirin Gobir, daga 1985 zuwa wajen 2000, ruwan wata rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fuluwor ya lalata haƙora da ƙasusuwan ɗaruruwan yara, alhali ruwan garau yake a ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar wannan sinadari a miligiram 1.5 cikin lita. Darasin shi ne duk sabuwar rijiya a nemi a auna ruwanta kafin a sha.

Arzikin ƙasarmu ma a nan yake: uraniyom na Arlit da aka fara haƙa a 1971, gawayin ƙasa na Anu Araren, man Agadem da aka fara tacewa kusa da Damagaram a 2011, gishirin Bilma, da zinariya. Idan ƴaƴanmu ba su karanci wannan fanni ba, wasu ne za su riƙa gaya mana abin da ke ƙarƙashin ƙafafunmu.

NA TAKWAS: INDA ZA A NEMI ƘARI

A Yamai akwai gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959. A cikinsa ana ganin ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare, waɗanda ake kira dinozor. An tono irinsu da yawa a Gadufawa cikin jahar Agadas, har da wani katon kada, kuma a 1999 aka sa wa ɗaya daga cikinsu sunan ƙasarmu, Nigersaurus. Masana suna ƙiyasta shekarunsu da kimanin miliyan 110, lokacin da wurin yake da koguna. Gani ya kori ji.

A Yamai ɗin dai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, tana horar da ma'aikata kan yanayi da ruwa da noma, tana kuma fitar da hasashen damina tare da hukumomin yanayi na ƙasashen yankin. Akwai cibiyar ACMAD mai kula da yanayin Afirka, da hukumar yanayi ta ƙasa, wadda ake jin sanarwarta a Muryar Sahel da gidajen rediyon karkara. Suna aiki da hotunan taurarin ɗan Adam na Meteosat da ke kimanin kilomita 36,000 a sama. Akwai makarantar EMIG ta ma'adinai da ilimin duwatsu, da jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa da Agadas, da Jami'ar Abdu Mumuni. Shi wannan bawan Allah an haife shi a Tasawa a 1929, ya rasu a 1991, ya ƙare rayuwarsa kan binciken amfani da hasken rana, yana kuma cikin masu kiran a koyar da yara da harshensu.

Wayar salula ma kayan karatu ce idan an bi da ita daidai. Manhajar Stellarium tana nuna sararin kowane gari a kowane dare da sunayen taurari, Google Earth kuma tana nuna gari daga sama, a ga Gulbin Maraɗi da dallol da duwatsun Ayar. Amma waya ta zo bayan ido. Yaro ya fara gani a fili, sa'an nan ya tabbatar a cikinta.

KAMMALAWA

Ya ku ƴan'uwa, abin da muke roƙo kaɗan ne. Kwamitin kowane masallaci ya ware wuri a haraba don sandar inuwa da gwangwanin ruwa, ya sayi littafin rubutu guda, ya damƙa wa yara biyu ko uku, maza da mata, ƙarƙashin kulawar malami. Malamin boko da na islamiyya su riƙa zama tare ko sau ɗaya a wata, ɗaya ya kawo lissafi, ɗaya ya kawo hukunci da sunayen da muka gada. A yi bayanin da Hausa kafin a ba yaro kalmar Faransanci ko ta Larabci. Iyaye kuma kada su kori yaron da ya tambayi dalilin tsawa ko inda rana take kwana. In ba su da amsa, su kai shi wurin wanda yake da ita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Muna fatan limamai za su tunatar da jama'a ranakun gwada alƙibla idan sun kusanto, su kuma yi gargaɗi kan kallon rana duk lokacin da aka ba da sanarwar husufi.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga fari da ambaliya, Ya shiryi zuriyarmu. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.